Shimfiɗar Silikon a Kan Azurfa: Abin da Aka Nema da Abin da Aka Samu



Da farko ya wajaba mu gode wa Ƙungiyar Ɗalibai saboda wannan dama da ta ba mu. Batun da aka ɗora mana shi ne yadda masana kimiyya suke shimfiɗa silikon a kan ƙarfe, shimfiɗar da kaurinta bai wuce na ƙwayar zarra ɗaya ba. Mun san a cikinmu akwai mai karatun shari'a, akwai mai karatun tarihi, akwai wanda aikinsa shi ne duba fayil a sakatariya, kuma ba mamaki wani ya ce a ransa ina ruwansa da wannan. To, labarin da muka zo da shi na wani abu ne da aka fara hangowa a lissafi, aka yi shekara 18 kafin a riƙe shi a hannu, sa'an nan da aka duba da kyau sai aka tarar bai cika zama abin da aka fita nema ba. Duk wanda wata rana za a kawo wa takarda a ce ya sa hannu a kan kuɗin jama'a saboda wani sabon abin al'ajabi, yana da rabo a cikin wannan labari.

Bari mu soma da silikon kansa. Sinadari ne, shi ne na 14 a jadawalin sinadarai. Kimanin kashi 28 cikin 100 na nauyin ɓawon ƙasa silikon ne, ba abin da ya fi shi yawa sai oksijin, kuma mafi yawan yashin da muke takawa haɗin waɗannan biyun ne. Berzelius, mutumin Suwidin, shi ya fara ware shi a 1824. Darajarsa ba ta fito sosai ba sai da aka ƙirƙiro taransista, watau ɗan ƙaramin makunnin da ke buɗe wa lantarki hanya ya kuma rufe ta. Taransista ta farko, wadda aka yi a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, da jamaniyam aka yi ta, ta silikon kuwa ta biyo baya a 1954. A 1971 kamfanin Intel ya fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai taransista 2,300 a guntun silikon ɗaya. Yanzu guntun da ke cikin wayar hannu yana ɗauke da biliyoyinsu. Yadda aka kai ga haka shi ne ta rage girmansu shekara da shekaru, kuma duk mai rage abu dole wata rana ya isa iyaka. Iyakar sirantaka kuwa ita ce ƙwayar zarra ɗaya, domin babu abin da za a shimfiɗa ƙasa da haka.

Don mu fahimci irin ƙanƙantar da ake magana a kai, a ɗauki milimita ɗaya ta jikin rula a raba ta gida miliyan. Kowane gida shi ake kira nanomita. Kaurin takardar littafi ya kai wajen nanomita 100,000. Tazarar da ke tsakanin ƙwayar silikon da maƙwabciyarta kuwa nanomita 0.235 ce kacal.

Wanda ya fara nuna wa duniya cewa ana iya samun abu mai kaurin ƙwaya ɗaya shi ne kabon, sinadarin gawayi. Baƙin abin da ke cikin fensir, wanda ake kira girafait, kabon ne da aka jera falle a kan falle kamar ganyen littafi, har milimita ɗaya takan ƙunshi falle wajen miliyan 3. Fallayen ba su riƙe juna da ƙarfi ba, shi ya sa fensir yake barin zane a takarda. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta ta Ingila suka yi ta ɓare girafait da salatif, har suka sami falle ɗaya tak suka gwada yadda lantarki yake bi ta cikinsa. Wannan falle shi ne girafin, kuma ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 2010. Ƙwayoyinsa a jere suke kamar saƙar zuma, gida-gida masu kusurwa shida, kuma ƙwayoyin lantarki suna gudu a cikinsa kamar ba su da nauyi, wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Masana sukan danganta wannan hali da sunan Paul Dirac, wanda lissafinsa ne yake bayyana shi.

Amma girafin yana da nasa aibu. Lantarki yana shiga cikinsa da sauƙi, tsai da shi ne ke da wuya, makunnin da ba ya kashewa kuwa bai cika makunni ba. Ban da haka, masana'antun da aka kashe dukiya mai yawa aka gina, duk a kan sarrafa silikon aka gina su. Saboda haka sai hankali ya koma ga jadawalin da Mendeleev ya tsara tun 1869, inda silikon yake zaune daidai ƙarƙashin kabon, watau gidansu ɗaya, kowannensu yana da hannu huɗu na riƙe maƙwabta. Sai aka yi tambaya: idan kabon ya iya shimfiɗuwa falle ɗaya, me zai hana ɗan'uwansa?

Gaskiya ma an riga an taɓa yin wannan tambaya tun kafin girafin ya yi suna. A 1994 Kyozaburo Takeda da Kenji Shiraishi, masu bincike a kamfanin NTT na Japan, suka yi lissafi suka nuna cewa fallen silikon mai saƙar zuma yana iya yiwuwa, amma ba zai kwanta sumul ba, sai dai wata ƙwaya ta ɗan ɗaga wata ta ɗan sauka, kamar tudu da kwarin kwanon rufi. A lokacin ba a kula da aikin sosai ba. A 2007 Guzmán-Verri da Lew Yan Voon a Amurka suka raɗa wa abin suna silisin, tun ba a haife shi ba. A 2009 ƙungiyar Salim Ciraci a Jami'ar Bilkent ta Ankara, a Turkiyya, ta tabbatar da lissafi cewa wannan siffa za ta iya tsayuwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun da kwarin nanomita 0.044 ce. Daga baya lissafi ya ƙara nuna cewa wannan ɗan tudu da kwari zai iya zama alheri, domin idan aka matsa wa fallen da ƙarfin lantarki daga sama, ana iya rufe hanyar da ke cikinsa. Ke nan ana sa ran samun saurin girafin tare da biyayyar silikon.

Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙwayar kabon ƙarama ce, tana iya riƙe maƙwabta uku a shimfiɗe ta kuma sarrafa hannunta na huɗu a tsakaninsu ba tare da damuwa ba. Ƙwayar silikon ta fi girma, tazararta da maƙwabta ta fi nisa, saboda haka ta fi son ta riƙe huɗu cif, ta yi gini mai tsawo da faɗi da kauri irin na lu'ulu'u. Shi ya sa babu wani dutse a ƙasa da silikon yake kwance falle-falle a cikinsa, balle a zo da salatif a ɓare. Idan kuma aka tilasta shi ya kwanta falle ɗaya, hannun nan da ya rage ba ya zama haka nan, duk abin da ya gifta sai ya cafke, musamman oksijin na cikin iska. Hanya ɗaya ta rage, ita ce a gina shi ƙwaya bayan ƙwaya a kan wata shimfiɗa da za ta tallafe shi.

Ga yadda ake yi. Ana samun wata babbar tukunya ta ƙarfe marar tsatsa, a rufe ta ruf, a sa famfuna su zuƙe iskar cikinta har abin da ya saura ya zama wajen kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na iskar da muke shaƙa. Wannan tsanani yana da dalili: ko da an rage iskar zuwa kashi ɗaya cikin biliyan, ragowar tana iya lulluɓe fuskar ƙarfe cikin wajen daƙiƙa ɗaya, alhali kuwa mai wannan aiki yana bukatar fuskar ta zauna da tsabta sa'o'i da dama. A cikin tukunyar ana ajiye ɗan guntun azurfa wanda aka yanka ta gefen da masana suke kira 111, inda ƙwayoyin azurfar suke jere kamar lemo a faifan mai talla, kowace tana kewaye da shida. Sai a yi wa fuskar ruwan ƙwayoyin iskar agon don a kankare datti, kamar yadda ake goge tukunya da yashi, a kuma gasa ta don ta koma sumul, a yi ta maimaitawa har ta yi tas. Daga nan sai a tura lantarki cikin wani guntun silikon da ke fuskantar azurfar, ya yi zafi fiye da digiri 1,000 na ma'aunin Salshiyos, ƙwayoyinsa su riƙa tashi ɗaya-ɗaya suna sauka a kanta. Ita azurfar ana riƙe zafinta tsakanin digiri 220 da 260. In ta yi sanyi da yawa, kowace ƙwaya takan tsaya inda ta faɗi, sai a sami tarin da ba tsari. In ta yi zafi da yawa, sai ƙwayoyin su dunƙule su koma curi-curi. A tsakiyar nan ne kawai suke samun sukunin zamewa a hankali har kowace ta sami gurbinta. Falle ɗaya yakan ci wajen sa'a guda.

Me ya sa azurfa? Dalili na farko, yawancin ƙarafa da sun haɗu da silikon a cikin zafi sai su narke da juna su zama wani sinadari dabam, azurfa kuwa ba ta yin haka. Na biyu shi ne dacewar awo. Tazarar ƙwayoyin azurfa nanomita 0.289 ce, huɗu ke nan sun ba da 1.156. Faɗin gida ɗaya na saƙar silisin wajen 0.385 ne, uku sun ba da 1.155. Kamar dai yaro da babba suna tafiya, taku huɗu na yaron ya zo daidai da taku uku na babban, sai ƙafafunsu su riƙa haɗuwa a kai a kai. Ta haka ƙwayoyin silikon 18 suke zama daram a kan ƙwayoyin azurfa 16, wannan tsari ya yi ta maimaituwa har iyakar fallen.

Wani zai tambaya, abin da ido ba ya gani, yaya aka san yana nan? Akwai na'urori uku da aka fi dogara da su. Ta farko tana da allura mai tsinin gaske wadda take shawagi a bisa fuskar ƙarfe tana jin tudu da kwarin ƙwayoyi, kamar makaho yana lalube da sanda. Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera ta a ɗakin binciken IBM na Zurik, a Suwizalan, a 1981, suka sami Nobel a 1986. Ta biyu tana harba ƙwayoyin lantarki ga fuskar, a duba yadda suka warwatsu a gane tsarin jerin. Ta uku tana haska fuskar da haske mai ƙarfi wanda yake fizgo ƙwayoyin lantarki daga ciki, a auna saurinsu da inda suka nufa, a gane irin gudun da suke yi tun suna ciki.

A 2010 masu bincike a Marsai ta Faransa suka ba da labarin siraran zirin silikon a kan wani gefe na azurfa, kuma a shekarar aka sami rahoton cewa an ga cikakken falle. Wannan rahoto bai sami karɓuwa ba, domin tazarar ƙwayoyin da aka auna, wajen nanomita 0.19, ta yi kaɗan ga silikon, kuma hoton allura kaɗai aka dogara da shi. Sai a 2012 Patrick Vogt na Balin, da Paola De Padova ta Roma, da Guy Le Lay na Marsai, da abokan aikinsu, suka haɗa shaidar na'urorin nan da lissafi, suka buga a mujallar Physical Review Letters. Daga wannan shekara ake ƙirga haihuwar silisin. A cikinta ne kuma wasu ƙungiyoyi a Bejin da Tokyo suka sami irin wannan falle a kan azurfa, ƙungiyar Yukiko Yamada-Takamura a Japan ta same shi a kan wani haɗin zakoniyam da boron, a 2013 kuma aka shimfiɗa shi a kan iridiyam a Bejin.

A nan ne labarin ya juya. Rahoton 2012 ya ce an ga alamar gudun nan irin na girafin a cikin fallen, abin da kowa yake jira ke nan. Amma a 2013 masu bincike a Tokyo suka sa fallen cikin maganaɗisu mai ƙarfi, suka nemi alamar da dole ta bayyana in da gaske ƙwayoyin lantarkin suna da halin Dirac, ba su gan ta ba. Wasu kuma suka sake lissafi tare da sa azurfar a ciki, sai ya bayyana cewa abin da aka gani ya fito ne daga azurfar da kuma cuɗanyarta da silikon. Ashe hannun nan na huɗu da muka ambata bai zauna banza ba, azurfar ya kama. Riƙon ya sake wa fallen siffa, har ya zama 6 kawai cikin ƙwayoyi 18 ne suka ɗaga sama, maimakon rabi sama rabi ƙasa yadda lissafi ya zana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: azurfar da ta ba silikon wurin kwanciya ita ce ta karɓe halin da saboda shi aka fita nemansa. Daɗin daɗawa, azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar lantarki, saboda haka in an tura wuta sai ta bi ta ƙasa ta bar fallen a sama.

Ba wannan kaɗai aka gyara ba. Siraran zirin nan na 2010, waɗanda aka ɗauka saƙar zuma ce, an gano a 2016 cewa gidajensu masu kusurwa biyar ne, kuma Le Lay kansa yana cikin waɗanda suka buga gyaran. Wannan abin lura ne ƙwarai. Mutumin da sunansa yake kan maganar farko shi ne ya zo ya sa hannu a kan takardar da ta warware ta.

Tun da azurfa ce ta zama sarƙa, sai aka nemi hanyar raba su. A 2015 Li Tao da Deji Akinwande, ɗan asalin Nijeriya da ke koyarwa a Jami'ar Tekzas ta Ostin, tare da Alessandro Molle na Italiya, suka yi wata dabara. Sun shimfiɗa silisin a kan siririyar azurfa da ke manne da maika, wani dutse mai ɓarewa falle-falle. Tun yana cikin tukunya suka lulluɓe shi da siririn mayafi na alumina don kada iska ta taɓa shi. Sa'an nan suka ɓare shi daga dutsen, suka kifa shi, azurfar ta koma sama, suka cinye tsakiyarta da ruwan sinadari suka bar ɓangare biyu a gefe don su zama mashigar wuta da mafitarta. Ta haka aka sami taransistar silisin ta farko, ta kuma yi aiki a zafin ɗaki, aka buga labarin a mujallar Nature Nanotechnology. Sai dai saurin ƙwayoyin lantarkin da aka auna bai kai na silikon ɗin da aka saba da shi ba, balle na girafin, kuma da yake gefen da aka cire wa azurfa ya zama a buɗe, cikin wajen minti biyu iska ta lalata shi. Har yau babu waya ko kwamfuta a kasuwa da take aiki da silisin.

Kada a ɗauka wahalar ta tafi a banza. Hanyar da aka koya a kan silikon ita ce aka bi aka shimfiɗa jamaniyam a kan zinariya a 2014, aka shimfiɗa kuza falle ɗaya a 2015, aka kuma shimfiɗa boron a kan azurfa a shekarar. Dukansu abubuwa ne da ba a taɓa samu a ƙasa da wannan siffa ba. Tarihin taransista ma yana hana mu saurin yanke hukunci. Julius Lilienfeld ya yi rajistar tunanin irin taransistar da ke cikin kwamfutocinmu tun 1925, amma ta ƙi aiki shekara da shekaru, kuma abin da ya hana ta shi ne hannuwan nan da suke a sake a fuskar sinadarin. Sai a 1959 zuwa 1960 Mohamed Atalla, haifaffen Masar, da Dawon Kahng, haifaffen Koriya, suka ci nasara a ɗakin binciken Bell, bayan Atalla ya gano cewa in an gasa silikon cikin oksijin da kula, mayafin da yake fitowa a kansa yakan ɗaure hannuwan. Shekara 35 ke nan tsakanin tunani da aiki.

To, 'yan'uwa, mu dawo kan kanmu. Da yawa daga cikinmu za su zauna a kujerun da ake kawo wa labarin sabon magani, ko sabon iri, ko sabuwar na'ura, a ce an gwada an ga ya yi. Labarin silisin ya bar mana tambayoyin da ya kamata mu yi kafin mu sa hannu. A kan me aka gwada shi, kuma in an ɗauke shi daga wurin zai ci gaba da aiki? Da na'ura nawa aka auna, ɗaya ce ko da yawa masu shaidar juna? Wane ne ya sake gwajin ba tare da yana da hannu a na farkon ba? Kwana nawa ya yi yana aiki, ko kuwa minti biyu ne? Ba sai mutum ya karanta kimiyya zai iya yin waɗannan tambayoyi ba, kuma mai bincike na gaskiya ba ya jin haushinsu, domin su ne yake yi wa kansa kullum.

Haka kuma, idan mai bincike ya zo gabanmu ya ce abin da ya faɗa bara ya gano akwai kuskure a ciki, kada mu ɗauke shi wanda ya ɓarnatar da kuɗi mu rufe masa ƙofa. In muka hukunta mai gyara kuskurensa, mun koya wa na bayansa ɓoyewa ke nan. Kuma in aka kawo mana aikin da ba zai haifar da riba cikin shekarar kasafi ɗaya ba, mu tuna cewa lissafin 1994 ya yi shekaru a ajiye ba mai waiwayarsa, sa'an nan ya zama tushen wani reshe na ilmi. Ku kuma ɗaliban kimiyya, ku lura cewa mafarin wannan labari duka, daga Japan har Ankara, lissafi ne da kwamfuta, ba a taɓa tukunyar ƙarfe ba sai daga baya, kuma muhawarar 2013 ma lissafi yana cikin abin da ya raba gardamarta. Wanda ya ƙware a lissafi da ilmin ƙwayar zarra yana da ƙofar shiga wannan fage ko da ɗakin bincikensu bai mallaki irin waɗancan na'urori ba.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.